Faya-fayan Kawu

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, kafin La'asar an sallace shi an kai shi. Haka Jidda take, ba a jiran kowa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana uku aka jera kujeru a lungunsu na unguwar Waziriyya, maza a waje, mu mata a ciki, ana zagawa da gahawa da dabino, kowa ya zauna sai ya faɗi abin da ya sani game da shi.

Wata tsohuwa 'yar Damagaram ta ce shi ya ɓoye ta da 'ya'yanta biyu a bayan shagonsa har sati guda, lokacin da ake kamen marasa iƙama, wato takardar zama. Ta taga ina jiyo maza, wani yana cewa shekara ashirin bai taɓa riga shi shiga sahun Asuba ba. Maƙwabcinsu Bayamane kuwa kuka kawai yake kamar wansa ne ya mutu. Duk gaskiya suka faɗa. Sai wata mata da ke gefena ta matso ta rage murya ta ce, “Allah dai Ya yafe masa wancan abin.”

Na ce, “Wane abin?”

“Kin sani mana. Kiɗan Nasaran nan.”

Wallahi saura kaɗan in juye mata butar gahawar a cinya. Na haɗiye, na ce amin, don addu'a ce ko ba komai. Amma tun a wurin na ƙudurta sai na rubuta wancan abin, tunda shi kaɗai ne masu makoki suka tsallake, kuma in aka cire shi ba Kawuna ake magana a kai ba.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Na zo Umra bayan aurena na fari ya mutu, na zauna a gidansa shekara shida ina ɗinki, kafin na sake aure na koma unguwar Madain Fahd. Ɗa ɗaya Allah Ya bar masa, taubashina ke nan, na girme shi da shekara goma. Haifaffen Jidda ne, Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa ta kicin ce da ta gaisuwa. Yaro ne mai addini, ba na riya ba.

Shi ya same ni a kicin ranar farko, ƙurar maƙabarta na ƙafarsa, idanunsa jajir. Ya ce, “Yaya, usɗuwanat ɗin nan na Baba da ke ƙarƙashin gado, in an gama aza, zaman makokin nan, zan farfasa su. Halas.”

Na ce, “Kai, ɗan nema, ko ruwa ba ka sha ba za ka fara da fashe-fashe?”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Yanzu haka ana tambayarsa. In a kansu ake tambayarsa fa? Ni ne ɗansa, ni zan rage masa.”

Tsakanina da shi wasa ne, na saba in faɗa masa duk abin da ya zo mini, amma wannan ba wurin wasa ba ne. Ba mugunta ke damunsa ba, tsoro ne, kuma don ubansa yake jin tsoron. Kayan ma nasa ne, shi ne magaji, ni ba ni da ko tsinke a gadon. Kwana uku ke nan suka rage wa akwatuna biyun nan na faya-fayan garmaho, waɗanda yake ce wa usɗuwanat.

Labarin yadda suka zo hannun Kawu na ji shi ya fi sau talatin. Kawu ya zo aikin Hajji a tsakiyar shekarun saba'in, bai koma ba. Ya kama dako a tashar jiragen ruwa. Wata rana aka ɗebe su su shida zuwa unguwar Bagdadiyya, su hau da wani baƙin akwati hawa na uku da igiya. Nauyi kamar me, har yana tambaya ko ƙarfe aka cika masa. Da suka dire shi, mai gidan, wani tsohon likita Bature, ya ɗaga murfi, sai ga haƙora farare da baƙaƙe a jere. Fiyano ke nan. Tsohon ya zauna ya taɓa don ya ji ko ya ji ciwo a hanya.

“Uwata,” in ji Kawu, “sauran duk sun sauka, ni ina tsaye da igiya a kafaɗa, na manta da ita.”

Tsohon ya lura da shi, ya ɗauke shi aikin girki, ya zama kafilinsa mai tsaya masa a takardar zama, suka yi shekara tara tare. Shi ya ce masa abin da yake bugawa wasan yara ne, ya zo ya ji masu abin. Ya fito da garmaho mai hannun murzawa da faya-fayai baƙaƙe masu nauyi, waɗanda aka ɗauka tun kafin a haifi Kawu. Da hannun tsohon ya fara rawa, Kawu ne ke ɗora masa allura. Ranar da zai koma ƙasarsu ya ce can ba wanda ke sauraron irin wannan tsohon kaya kuma, ya bar masa duka.

Ranar da Kawu ya fara sa mini, wata Juma'a ce bayan La'asar, lokacin da ya keɓe musu ke nan. Ya rufe ƙofa, ya murza hannun garmahon, ya sauke allura. Na ji cuuu, ƙas-ƙas-ƙas. Na ce, “Kawu, wa ke suyar gyaɗa a ciki?”

Ya ce, “Bar suyar ta wuce ki. Saurari wanda ke bayanta.”

Sai na ji shi. Can nesa, kamar daga gidan maƙwabta, wani yana tafiya a hankali da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana rera wani abu mai ban tausayi. Ina shirin cewa ai wannan kiɗan barci ne, sai abin ya ɓalle. Sauti ya dinga zubowa daga sama har ƙasa, ya koma, ya sake zubowa, da gudun da kunne ba ya iya ƙirgawa, amma kowane ɗaya daram, ba wanda ya taka ɗan'uwansa. Kuma a tsakiyar wannan ruguntsumi waƙar nan ta farko tana nan tana tafiyarta ba gaggawa. Na ce, “Su nawa ne?”

“Mutum ɗaya.”

“Kawu, rantse.”

“Yatsu goma irin naki, da kike minti biyar kina zura zare a allura.”

Bai iya karatun boko ba, don haka sunayen da ke jikin faya-fayan ba su dame shi ba. Nasa ya raɗa musu, ya rubuta da ajami a kan rigunansu na takarda. Akwai Tsohon Rasha, akwai Mai Fushi, akwai Mai Gunaguni wanda in ka kasa kunne za ka ji yana bin kiɗan da hanci. Mace ɗaya ce a cikinsu, ya sa mata Hajiya, wai don ba ta gaggawa kuma ba a raina ta. Likitan ya taɓa gaya masa cewa waɗanda suka tsara wannan kiɗan sun daɗe da mutuwa tun kafin a ƙirƙiro garmaho, amma wasu daga cikin masu bugawar a hannun almajiransu suka koya. Wannan magana ta kama Kawu ƙwarai. In ya ɗauko Tsohon Rasha sai ya ce, “Wannan yana da isnadi. Ya karɓa daga malaminsa, malaminsa daga mai abin.” Na ce masa wata rana sai malamai sun kama shi a kan wannan bakin, ya yi ta dariya.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne a zamaninsu babu gyara. A zaunar da mutum gaban wani ƙaton ƙaho, a ce fara, abin da ya fito shi ke nan har abada. Akwai wuri ɗaya da Tsohon Rasha ya zame, yatsansa ya faɗa haƙorin da ba shi ba. Ni da ba a nuna mini ba, ko kusa ba zan gane ba. Kawu kuwa tun daga nesa yake ɗaga yatsa. “Ga shi nan tafe, ga shi nan… ya faɗi! Ya tashi! Allahu Akbar, ko waiwaye bai yi ba.” Sau ɗari ya ji wurin nan, kuma kullum sai ya yi ajiyar zuciya kamar wannan karon mutumin ba zai tashi ba. Ya kan ce, “Ƙasusuwansa sun zama ƙasa, Uwata, ga kuskurensa nan da ransa a Waziriyya.”

Da allurorin ƙarfen da likita ya bar masa suka ƙare, ya zaga Jidda bai samu ba. Sai ya fara aika wa gida. Kowa na saƙon kilishi da yaji da man shanu, shi saƙonsa ƙayar aduwa. Alhazai su kawo masa a ƙulle a leda suna tambaya ko magani ne. Ya zauna ya feƙe su da reza ɗaya bayan ɗaya, ya gasa su sama-sama don su yi tauri. Ƙaya ɗaya faifai ɗaya ko biyu take yi ta dakushe. Ya ce ta ma fi ƙarfe, ba ta cin faifan, kuma muryarta ƙasa-ƙasa ce, ba ta damun maƙwabta.

Ba a rasa masu yi masa magana ba. Wani amininsa, limamin wani ƙaramin masallaci, ya sha zaunar da shi. Amsarsa ɗaya ce kullum. “Malam, ban ce halal ba ne, ban kai nan a karatu ba. Ni dai duk lokacin da na ji, Wanda Ya halicci yatsa nake tunawa.” Bai taɓa kiran kowa ya zo ya ji ba sai wanda ya nema. Kuma ko a tsakiyar wurin da ya fi so ne, ladan na cewa Allahu Akbar zai ɗage ƙayar.

Faɗa ɗaya na san sun taɓa yi da matarsa, wadda nake kira Inna. Ita ta ba ni labari, ban zo ba a lokacin. Ranar da ya shigo da akwatunan ta tambaye shi mene ne, ya ce faya-fayai ne, ya fita sallah. Inna 'yar ƙauye ce, tun da take ba ta taɓa ganin garmaho ba. Faifai a wurinta shi ne na kaba da ake rufe ƙwarya. Ta buɗe ta ga baƙaƙe sumul, ta ce oh, na Turawa har da sheƙi. Ta zaro ɗaya ta rufe kunun da ta sauke yanzu-yanzu. Kawu ya dawo ya tarar da shi ya lanƙwashe kamar ganyen kabeji.

Ta ce bai yi ihu ba, gara ma ya yi. Ya ɗaga shi yana kallo, ya ce, “Kin kashe mutum.” Shi kaɗai ne faifan wannan makaɗin a cikin akwatunan, kuma Kawu bai sake jin sa ba har ya bar duniya. Kwana uku bai ci tuwonta ba. A na huɗu ya ci, ya ce laifinsa ne da bai yi bayani ba, sannan ya kafa doka: daga yau kada a sake ce musu faifai a gidan nan, mutanensa ne. Haka kuwa aka yi. “Alhaji na wurin mutanensa.” “Kada ki share ƙarƙashin gado, akwai mutane.” Taubashina lokacin yana goye. Ya tashi yana jin mutanen Baba a gida, usɗuwana a waje. Faifai kuwa a saninsa shi ne wanda ubansa ke sayarwa a shago, tare da kuka da daddawa da muciya.

Ranar uku da rasuwar, bayan La'asar, aka taru a falo. Dattawa biyu abokan Kawu, taubashina, ni a bakin ƙofa, Inna a bayan labule tana takaba. Ni duk na gama sarewa, kwana biyu ina neman abin da zan ce masa ban samu ba. Sai Inna ta yi gyaran murya ta ce, “Alhaji ya bar wasiyya a asibiti. Ya ce, faya-fayaina a ba Uwata.”

Taubashina ya ɗago. “Faifai? Na shago? Ta ɗauka duka, ya Ummi, me zan yi da su?”

Babban dattijon ya ce, “Yaro, ka amince? A gabanmu?”

“Wallah na amince, ya ammi.”

Dattijon ya yi tari, ya duƙufa kan carbinsa kamar yau ya fara ganinsa. Ɗayan ya kama kallon silin. Tsofaffin Kano ne, da garmaho suka yi samartaka, sun san abin da suka ji. Ni ce ma ta ƙarshen ganewa.

Bayan an watse na shiga wurin Inna na ce, “Inna, ki ji tsoron Allah, haka ya ce?”

Ta ce, “Kalmarsa ce, ban ƙara ba ban rage ba. Shekara kusan talatin bai faɗe ta a kansu ba. Ya faɗa, ya kalle ni, ya yi 'yar dariya da robar nan a hancinsa.” Ta share ido da gefen mayafi. “Na kashe masa ɗaya, ba zan zauna a kashe sauran ba. Garmahon kuma na ɗauka a cikin tumunina, na ba ki.”

Kun ji mutum! Yana kan gadon mutuwa, numfashi da ƙyar, amma ya auna ɗansa, ya auna matarsa, ya auna ni, ya zaɓi kalma ɗaya tak. Washegari da safe muka shirya su ni da Inna, na kaba ɗaya, baƙi ɗaya, na kaba ɗaya, baƙi ɗaya, har jaka huɗu. Taubashina da kansa ya sa mini su a bayan tasi, yana mita wai kaba ce da nauyi haka.

Sai dai ban ji daɗin da na zata ba. Kwana bakwai suna ɗakina ban iya buɗe jakar ba. Na yi nasara a kan yaron da bai san ana kokawa da shi ba, kuma abin ya tsaya mini a rai. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, amma wannan dabara tasa ta bar mini nauyi.

Ran Juma'a bayan La'asar aka buga ƙofa. Shi ne. Ya leƙa ƙarƙashin gado bai ga kowa ba, ya tambayi uwarsa, ita kuma ba ta iya ƙarya. Ya ƙi shigowa, ya tsaya a bakin ƙofa da takalmansa.

“Kun yi mini wayo, ke da Ummi.”

“Ba mu ba ne, ubanka ne.” Na yi masa bayanin kalmar, da labarin kunun.

Sannan ya ce, “Yani har a asibiti bai yarda da ni ba.”

Wannan ta soke ni. Na ce, “Ya san irin son da kake masa, shi ya sa. Ya san za ka fasa su kana kuka.” Na jawo jakunkunan na zuge su a gabansa. “Ka amince ba tare da ka san abin da ka amince da shi ba, ni kuwa ban ɗauki wannan amincewa ba. Ga su nan. In ka ce a fasa, ni zan miƙo maka taɓarya. Abu ɗaya nake roƙo, ka saurari guda, ka san abin da za ka fasa.”

Ina faɗa na san in ya ce a fasa ba zan janye ba. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake barin gida duk Juma'a da yamma, bai taɓa tsayawa ya ji ba.

Ya duƙa ya zaro ɗaya. Ya ga rubutun ubansa a jikin takardar, ya bi shi da yatsa, yana haɗa baƙaƙen da ƙyar, tunda haruffan ya sani amma Hausar ke ba shi wuya. “Mai… Fushi. Kada a… sa wa… mai baƙin ciki.”

Na ce, “Ajiye wannan, ɗauko Hajiya.”

“Wannan.”

“Ka ga abin da ya rubuta fa.”

“Na gani. Yalla.”

Na murza garmahon, na ɗaura ƙaya daga cikin waɗanda Kawu ya feƙe ya bari, na sauke. Mai Fushi ba ya sallama. Da dukan farko ya cika ɗakin, hannun hagu yana ruri a ƙasa, na dama yana hawa yana faɗowa yana sake hawa, kamar mai dukan ƙofar da aka kulle masa. Sai kuma ya yi sanyi lokaci guda, ya koma magana ƙasa-ƙasa, a hankali, har sai ka riƙe numfashi don kada ka rasa ta. Ban kalli taubashina ba, na kafa idona a kan faifan yana juyawa. Abin ya fara taruwa kuma, yana hawa, yana hawa, ya kai inda kake jin yanzu zai fashe, sai ɗif. Ba abin da ya rage sai ƙas-ƙas ɗin ƙaya.

“Lesh ya tsaya?” in ji shi.

“Gefen ne ya ƙare. Minti huɗu kawai yake ɗauka, sauran yana baya.”

Na juyo. Gemunsa ya jiƙe sharkaf, bai ma damu ya share ba.

Ya ce, “Ban ce halal ba ne, Yaya.”

“Na ji.”

“Kuma zan ci gaba da nema masa gafara a kai.”

“Ni ma haka.”

Ya tuɓe takalmansa ɗaya bayan ɗaya, ya shigo, ya zauna a ƙasa kusa da garmahon.

“To juya shi mana. Ba a barin mutum a tsakiyar magana.”